Sharhi Kan Wani Garejin Riwaya a Sabon Garin Zariya Mai Binciken Makunnin Gobara a A-kori-kurar Ford

Tsofaffin a-kori-kura ƙirar Amurka da ke jigilar masara da taki tsakanin Zariya da Giwa da Makarfi da Soba ba su kai Hilux yawa ba, amma suna nan, kuma kusan dukkansu sun shigo ƙasar nan ne a matsayin na hannu, ta tashar Legas ko ta Kwatano, bayan sun daɗe a hannun masu su na farko. Motar takan iso da takardun kwastan da sauran tarkacenta, sai dai akwai abu ɗaya da ba ya biyo ta, wato wasiƙar kiranye da kamfani ke aika wa mai mota idan an gano lahanin da ke iya jawo haɗari. Wasiƙar tana zuwa ne adireshin wanda ya yi wa motar rajista a can, saboda haka wanda ya saye ta a nan ba shi da labarin an taɓa kiranta, balle ya san ko an yi gyaran. Wannan giɓi ne wani mai riwaya a Sabon Gari, ta wajen Muciya, ya ɗauka ya mayar wani ɓangare na sana'arsa, kuma aikinsa nake son in auna a nan, bayan na kai masa a-kori-kurar Ford F-150 ƙirar 1999 da muke aikin gona da ita.

Sai an san abin da ake nema kafin a iya cewa mai neman ya iya ko bai iya ba. Motocin Ford da yawa na shekarun 1992 zuwa 2004 suna da na'urar riƙe gudu, wadda makanikai ke kira kuruz. Direba zai kai gudun da yake so a buɗaɗɗiyar hanya, ya danna maɓalli a kan sitiyari, ya ɗauke ƙafa daga totur, mota ta ci gaba da tafiya a haka har sai ya taka birki. Abubuwa biyu ne ke sa na'urar ta saki idan an taka birkin. Na farko shi ne makunnin fitilar birki da ke wajen ƙafar direba, na biyu kuma wani ƙaramin makunni ne na ko-ta-kwana da aka ɗaura a jikin mastan birki, a ƙarƙashin bonet, wanda matsin man birki ke motsa shi. Kamfanin Texas Instruments ne ya ƙera wa Ford wannan na biyun, kuɗinsa a lokacin wajen dala 20 ne kawai, kuma a cikinsa akwai wata siririyar leda mai suna Kapton da ke raba ɓangaren mai da ɓangaren wuta. Shekara da shekaru ana takawa ana saki, sai ledar ta gaji ta tsage, mai ya yi naso zuwa inda ƙarafunan wuta suke. Man birki kuwa yana jan laima, laimar ta kawo tsatsa, tsatsar ta buɗe wa wuta hanyar zarcewa, makunnin ya yi ta ɗaukar zafi a hankali har robarsa ta narke ta kama.

Inda gizo ke saƙar shi ne, a yawancin waɗannan motoci wuta ba ta barin makunnin ko da an kashe inji an zare makulli, tamkar dutsen guga ne da aka bari a jone aka je aka kwanta. Shi ya sa gobarar da aka yi ta samu a Amurka ba a kan hanya kaɗai ta tsaya ba, an sami motocin da suka kama suna ajiye a cikin gida sa'o'i bayan an kashe su, wasu har suka ci gidan. Ford ya fara kiranye kan wannan makunni tun 1999, amma a kan ƙananan motoci. A-kori-kura ta shiga ciki a Janairun 2005, lokacin da aka kira motoci kusan 792,000, ciki har da F-150 ƙirar 2000, sannan a Satumbar shekarar aka faɗaɗa zuwa miliyan 3.8, wanda ya haɗa da F-150 daga ƙirar 1994 zuwa 2002. Manyan yayyenta, F-250 da F-350, sun biyo baya a Agustan 2006, ƙaramarsu Ranger ta Amurka ta shiga a Agustan 2007, aka kuma rufe da wasu miliyan 4.5 a Oktoban 2009, jimilla ta haura miliyan 14. Maganin da kamfanin ya kawo ba mai wahala ba ne: a saƙala guntuwar waya mai ɗauke da ƙaramin fis tsakanin makunnin da wayarsa ta asali, ta yadda da wuta ta fara zarcewa fis ɗin zai ƙone tun kafin zafi ya taru, idan kuma makunnin ya riga ya fara yoyo a sake shi.

Abin da ya fara ba ni natsuwa da garejin shi ne maigidan bai taɓa spana ba sai da ya karanta lambar shasi. Ya leƙa ta ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ya buɗe ƙofa ya duba takardar da ke manne a jikinta, sannan ya gwama su da abin da ke cikin takardun motar, domin shekarar da takarda ta faɗa ba koyaushe take dacewa da wadda aka ƙera motar ba. Lambar tana da haruffa da alkaluma 17, na goma a cikinsu ne ke nuna shekarar ƙira, kuma X ɗin da ya gani a tamu ita ce 1999. Farkon lambar kuma yana faɗin ƙasar da aka haɗa motar, 1 na Amurka ne, 2 na Kanada, wadda ta fara da A kuwa daga Afirka take. Wannan na da amfani ƙwarai ga masu Ranger, domin Ranger ɗin da aka saba kawowa sabuwa Nijeriya daga Afirka ta Kudu mota ce daban da ta Amurka da kiranyen ya shafa, suna kawai suka haɗa. A gabana wani mutum ya zo da irin wannan hankalinsa a tashe, maigidan ya duba lambar ya sallame shi bai karɓi ko kwabo ba, alhali da ya so da ya buɗe bonet ya ƙirƙiro aiki.

Yana kuma shigar da lambar a shafin intanet na NHTSA, hukumar da ke kula da lafiyar ababen hawa a Amurka, wanda aka buɗe a 2014 domin kowa ya iya duba ko motarsa tana da kiranyen da ba a gyara ba. Amma bai jingina da shi ba, kuma ya yi daidai. Shafin ya ɗauki alkawarin nuna kiranyen shekara 15 da suka wuce ne kawai, na wannan makunni kuwa duk sun girmi haka, don haka idan ya nuna babu komai, wannan ba shaida ba ce cewa an taɓa gyara motar. Ido ne kaɗai ke raba gardama.

Binciken kansa bai ɗauki lokaci mai tsawo ba, kuma a nan ne na ga bambancinsa da sauran. Ya cire soket ɗin makunnin, ya maƙala jelar fitilar gwaji a jikin ƙarfen mota, sannan ya juyo ya ce, “Alhaji, ina makullin motarka?” Na ce yana aljihuna. Ya ce, “To, duba nan.” Ya taɓa bakin wayar da tsinin fitilar, sai ta kawo wuta tar. Bai ƙara bayani ba, kuma ba a buƙatar ƙari. Daga nan ya sa yaronsa ya cire kan batir, ya naɗe farin ƙyalle a tsinke ya zura cikin soket ɗin ya fito da shi yana dubawa a hasken rana, domin ko ɗigo ɗaya na mai zai nuna a farin ƙyalle. Namu ya fito a bushe. Duk da haka ya bi wayar da yatsa har inda ta shige cikin sauran, yana murzawa yana shinshinawa, saboda mai yana iya bin cikin waya ya yi nisa da inda ya fito. Don in ga abin da yake nema, ya zaro wani tsohon makunni daga gwangwanin da yake tara abubuwan da ya cire, bakinsa ya yi kore shar da tsatsa, gefen robarsa ya kumbura ya yi baƙi, ƙauri bai gama barinsa ba.

Ba a sami guntuwar wayar kiranyen a motarmu ba, ma'ana ba a taɓa yi mata gyaran ba tun tana can. Abin da ya fi tayar masa da hankali ma a akwatin fis ya same shi, inda wani da ya riga shi taɓa motar ya naɗe ƙonannen fis da silin wayar tagulla ya mayar. Wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare a garejojinmu, kuma a irin wannan mota ita ce mafi muni, domin fis da ke yawan ƙonewa yana cikin alamun farko da makunnin ke bayarwa idan ya fara lalacewa, wanda ya naɗe shi da waya kuwa ya toshe bakin mai gargaɗin ne ya bar cutar. Ya kira yaransa duka ya nuna musu, ya ce duk wanda ya kama yana yin haka ya nemi wani ubangidan.

Ya shimfiɗa mini zaɓi uku ba tare da ya tura ni ga mafi tsada ba. Ana iya cire soket ɗin gaba ɗaya a rufe bakin wayar, a haƙura da kuruz, wanda shi ne abin da dilolin Ford da kansu suka riƙa yi na wucin gadi a 2005 kafin kayan gyara su wadata. Ana iya barin tsohon makunnin a sa masa wayar mai fis, ko kuma a sake makunnin da wayar duka. Akwai na huɗu da wasu ke roƙonsa ya yi, wato ya cire makunnin ya haɗe wayoyin biyu don kuruz ya ci gaba da aiki, kuma ya ce ba ya yi ko nawa za a ba shi, domin hakan yana kawar da kariya ta biyu da ke sa na'urar ta saki idan makunnin fitilar birki ya gaza. Idan ya rufe bakin waya kuma ba ya amfani da salatif kaɗai, wanda zafin inji da na bazarar Zariya ke sa ya saki cikin 'yan watanni, yana sa robar nan da ke tsukewa idan an gasa ta.

Hujjar da na fi ji daga masu irin waɗannan motoci ita ce ba sa amfani da kuruz, don haka abin bai shafe su ba. Gaskiya ne cewa tsakanin ramuka da shingayen bincike da 'yan acaba, da wuya direba ya sami kilomita goma a jere da zai ɗauke ƙafa daga totur, kuma da yawa ba su ma san aikin maɓallan da ke kan sitiyarinsu ba. Amma lahanin bai dogara da amfani da na'urar ba. Birki ne ke gajiyar da ledar, ba kuruz ba, kuma a-kori-kurar da ke ɗauke da buhunan masara a hanyar karkara ta fi takwararta ta Amurka shan takun birki nesa ba kusa ba. A ganina, ga wanda ba ya amfani da na'urar, cire soket ɗin shi ne mafi sauƙi kuma mafi aminci ta fuskar gobara, sai dai ya ci gaba da sa ido a kan makunnin, tunda ko babu wuta yana iya yoyon mai ya rage ƙarfin birki. Ni na zaɓi a sake duka, saboda motar takan yi doguwar tafiya zuwa Kano da Funtuwa.

Daga nan ne garejin ya fara nuna rauninsa. Ba ya ajiye kayan, sai an aika Panteka a Kaduna, in ba a samu ba a nemo daga Ladipo a Legas, kuma ranar da aka ce mini kayan za su iso ta zo ta wuce ba tare da kowa ya kira ni ba, sai da na riƙa bibiya da kaina. Ya kyauta da ya bar soket ɗin a cire kafin nan, don haka jinkirin bai zama haɗari ba, amma mai sana'ar da ya san aikinsa haka ya kamata ya san darajar kiran waya ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne yana karɓar makunnin gwanjo da aka ciro daga matattun motoci idan mai mota ya nace a kan araha. Yana faɗa wa mutum gaskiya cewa na gwanjo ne, amma faɗar ba ta wadatar ba, domin makunnin da aka ciro daga motar 1998 sa'an wanda ake cirewa ne, ledarsa ta sha irin wahalar da waccan ta sha. Wanda ya ƙi haɗe waya saboda amana bai kamata ya yarda da wannan ba.

Haka nan idan wayar kamfani ba ta samu ba, yakan haɗa tasa da gidan fis na kasuwa. Dabarar daidai take, kuma haɗinsa mai tsabta ne, da dalma yake yi ba murɗawa ba, amma gidan fis ɗin da na gani ba ya hana ruwa shiga, kuma wurin da yake zama yana shan feshi da damina da ƙura da hunturu. Ko wayar kamfanin ma ba a rufe ido a kanta, domin a Fabrairun 2008 Ford ya sake kiran motoci kusan 225,000 da aka riga aka yi wa gyaran, saboda wayar da aka sa musu ba ta ba da kariyar da ake nufi ba. Ganin guntuwar waya a mota, ke nan, bai isa a ce an gama ba, sai an gwada an tabbatar fis ɗin yana kan layin da ke ɗauke da wuta. Maigidan yana yin wannan gwaji, na gani da idona, amma yaransa ba duka suka san dalilinsa ba, kuma ba kullum yake wurin ba.

Wajen ɗaura sabon makunnin, aikin ya yi kyau. Ya tare man da ƙyalle don kada ya zuba a fenti, ya ɗaure daidai ba tare da ya matse fiye da kima ba, ya sa aka yi ta taka birki har ya tabbatar babu iska a ciki, sannan muka hau hanyar Kano daga Kwangila, ya kunna kuruz ya taɓa birki, ta saki nan take. Sai dai man da yaron ya ɗauko don cikawa daga wata buɗaɗɗiyar gora yake, wadda ba a san tun yaushe take ajiye ba, sai da na ce a sayo sabo a rufe. Man birkin da ya sha iska ya riga ya sha laima, kuma laimar ce tushen tsatsar da aka zo magani. Ban kuma ga tukunyar kashe gobara ko ɗaya a garejin ba, abin da ke da wuyar fahimta a wurin da ake tara motocin da ake zargin suna iya kamawa.

Batun kuɗi ma yana buƙatar gyara. A Amurka gyaran kiranye kyauta ne a wurin dilan kamfani, amma a gareji mai zaman kansa a Zariya mai mota ne zai biya, wannan kuwa ba laifin mai riwaya ba ne. Jimillar abin da na biya, kaya da aiki, bai kai kuɗin cika tankin motar ba, kuma ban ga tsada a ciki ba. Matsalar ita ce ba a faɗi kuɗin aiki tun farko ba, an dunƙule shi da na kaya a ƙarshe, kuma babu rasit sai da na nema, aka rubuta mini a takardar da aka yago daga littafin makaranta. A irin wannan aiki rasit ya wuce shaidar biya, shi ne kaɗai abin da zai nuna wa wanda zai sayi motar gobe cewa an magance lahanin, tunda babu wani kundi a ƙasar nan da zai nuna masa.

Ya san iyakar iyawarsa, wannan kuma abin yabo ne. Na tambaye shi game da Ram, wata a-kori-kurar Amurka ta wani kamfani daban, domin a Mayun 2018 kamfanin Fiat Chrysler ya kira motoci kusan miliyan 4.8 a Amurka, ciki har da Ram 1500 da 2500 da 3500 na 2014 zuwa 2018, saboda idan wata waya ta haɗu a daidai lokacin da kuruz ke ƙara gudu, na'urar tana iya ƙin saki. Ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan ba aikina ba ne,” domin maganinsa sabunta manhajar kwamfutar inji ne, wanda sai da na'urar kamfani. Abin da yake gaya wa masu irin wannan mota shi ne abin da kamfanin ya faɗa a lokacin: kada a kunna kuruz sai an yi gyaran, idan kuma ya maƙale a danne birki da ƙarfi a mayar da giya firi, mota za ta tsaya.

Mai F-150 ko F-250 ko Ranger ta Amurka ta waɗannan shekaru zai amfana da zuwa wannan gareji ko makamancinsa, musamman idan kuruz ya daina aiki haka kawai, ko fis yana yawan ƙonewa, ko fitilar birki ta ɗauke, ko giya tana ƙin fita daga fakin, ko man birki yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba. Ya je da sabon man birkinsa a rufe, ya yanke kuɗin aiki kafin a buɗe bonet, ya ƙi makunnin gwanjo ko da an rage masa rabi, ya nemi a ba shi tsohon da aka cire, a kuma rubuta masa ƙarfin fis ɗin da aka sa a jikin rasit don kada wani ya musanya shi da babba nan gaba. Kafin ya sami zuwa, ya riƙa ajiye motar nesa da ɗakin kwana da rumbu, ya kuma cire kan batir idan dare ya yi.